Faifan Mama da na shanya a rana

Keken ɗinkina na sayar na yi kuɗin mota. Shi kaɗai ya rage mini mai daraja bayan rasuwar maigidana, kuma telan da ya saya har da yatsine fuska, wai ƙafar keken tana kuka. Na karɓi abin da ya bayar, na bar yara wurin Inna, na tafi. To ku da kuke yi mini dariya don kun ji ina rera waƙar Turawa ina tsince wake, ku matso ku ji inda na samo ta. Ke Rabi, ajiye wayar nan, ai ke ce mai cewa Legas za ki tafi aiki.

Wata mata 'yar Garam ce ta yi mini hanya. Gidan yana wata unguwa da ni dai Surulele nake ce mata har na baro garin, ana yi mini dariya, kuma babu wanda ya mutu. Mai gidan lauya ce, Madam ake ce mata, doguwa, kullum cikin sauri, ko gaisuwa a tafe take amsawa. Sai kuku, Baba Bitrus mutumin Kafanchan, shi kaɗai ke jin Hausa a gidan. Ni da na taso a Suleja ina jin buroka daidai gwargwado, amma Turancin Madam ta hanci yake fita, sai Baba Bitrus ya tsaya a tsakaninmu.

"Ta ce kin taɓa kula da tsohuwa?"

"Shekara huɗu na yi jinyar uwar mijina."

"Ta ce sunan aikinki kiyagiba."

"Ka ce mata a garinmu jinya ake cewa, amma na karɓa."

Tsohuwar ita ce uwar Madam, kowa Mama yake ce mata. Ta haura tamanin, kuma kanta ya zubar da komai, ko 'yar da ta haifa ba ta ganewa. Ga abin da ya sa masu jinya uku suka gudu kafin ni: Mama ba ta buɗe baki ta ci abinci sai an sa mata wani faifan garmaho. Ku ba ku san shi ba, baƙi ne, faɗinsa kamar tiren shayi, ana ɗora masa allura yana juyawa. Marigayi mijinta ya saya shekarar da suka yi aure, har ya yi rubutu da hannunsa a tsakiyarsa. A jikin kwalin akwai hoton wata baƙar fata 'yar Amurka, ta rufe ido tana waƙa. Wai jaz. Waƙa shida a gefe ɗaya, daidai cin abinci faranti guda. In an juya ɗaya gefen, na magani ne da gwanda.

Da farko haushin waƙar nake ji. Ba amshi, ba tafi, mace tana jan murya kamar mai jin barci, ga kakaki yana bin ta a hankali, mai ganga kuma sai ka ce tsakar gida yake sharewa da tsintsiya. Amma da allura ta sauka sai Mama ta ɗago kai, yatsanta ya fara buga hannun kujera, bakin nan ya buɗe. Sau uku a rana, wata bakwai. Ko ba ka so sai ta shige maka kai.

Ranar da abin ya faru Madam tana Landan, tafiyar sati uku, kwananta biyu da tashi. Ina cikin juya faifan Mama ta kai wa kwanon miya hannu, manja ya wanke shi tas. Na goge da tsumma, na ɗora allura, sai sulɓewa take yi. Sai na yi abin da kowace 'yar unguwarmu ta Wambai za ta yi. Na kai shi famfo, na sa garin sabulu da soso na wanke shi ƙal. To mu nan me ake wankewa ba a shanya ba? Kwano a rana, tabarma a rana, har turmi. Na ɗora shi a kan motar Madam inda rana ta fi bugawa, na koma na yi wa Mama wanka.

Da na fito, sai na je ɗauko faifan. Ya lanƙwashe kamar murfin roba da aka manta a bakin murhu. Baba Bitrus ya zo ya gani, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Ladi, kin kashe mu."

"Baba, ka rufa mini asiri, zai miƙe."

"Da me zai miƙe? Ƙarfe ne?"

Na danne shi da buhun shinkafa har washegari, bai miƙe ba. Sai shaiɗan ya nuna mini dutsen guga. Na shimfiɗa masa ɗankwali na goge shi. Ya miƙe kuwa, amma layukan da waƙar ke ciki duk sun narke, ya zama sumul. Da hannuna na ƙarasa shi, kuma babu wanda ya aike ni.

Ranar farko Mama ba ta ci komai ba. Rana ta biyu ruwa kawai, shi ma da ƙyar. Baba Bitrus ya nemo waƙoƙin a wayarsa ya kunna, ta toshe kunne biyu tana kuka kamar jaririya. Na ɗauki kwalin na shiga danfo, wato bas ɗinsu mai ruwan ɗorawa, wadda kwandasta ke rataye a ƙofa yana zagin kowa har fasinjansa. Na zaga kasuwar tsofaffin kaya rumfa-rumfa ina nuna hoton. Wani ya ce kakarsa ce, aka kwashe da dariya. Wani ya miƙo mini na wata mata daban, wai ai duk ɗaya ne. Wani dattijo ya duba da kyau ya ce ya san shi, in dawo wata mai zuwa. Wata mai zuwa! Na zauna a bakin kwata na yi kuka, mutane na tsallake ni.

Rana ta uku leɓenta ya bushe, idanunta sun faɗa. Baba Bitrus ya ce in ta kai yamma haka zai kira Madam, kuma in tsohuwar nan ta mutu 'yan sanda ne za su tambaye ni. Ba 'yan sandan ne suka fi tsorata ni ba, ni dai na san ina kallon mutum tana mutuwa saboda wautata. Na durƙusa a gabanta da cokali ina hawaye, ban san lokacin da bakina ya fara ba. Na yi kakakin farko da hanci, sannan na shiga muryar matar, kalmomin da har yau ban san ma'anar ko ɗaya ba. Sai yatsan nan ya motsa. Ta ɗago ta dube ni, ta buɗe baki. Na rera shidan duka a jere, faranti ya ƙare. Kwana goma sha shida ina yi, har muryata ta dishe, ina shan citta da zuma.

Da Madam ta dawo ni da kaina na kai mata faifan. Ba ta mare ni ba, da ma ta mare ni. Ta ce abin da ubanta ya bari ke nan da rubutun hannunsa. Ta ce mini 'yar daji, ta ce dabba ma ta fi ni hankali. Kun san halina, Gwaggonku ba ta haɗiye magana.

"Dubi uwarki, ta rame?"

"Ki tattara kayanki."

"Zan tattara. Amma yaushe rabon da ki ba ta abinci da hannunki?"

Baba Bitrus ya ƙi fassara wannan, sai na maimaita da buroka. Ta ce za ta sa a aiko mata da irinsa daga Landan, ba ta bukatata. Na fita Mama tana zaune tana kallon bango, ko sallama ban yi mata ba, saboda zuciya.

Haka na dawo Suleja da jaka ɗaya, ba keke, ba tsaraba, maƙwabta na leƙowa suna yi mini sannu da zuwa da ido a kan jakar. Kwana goma sai ga kiran Baba Bitrus. Tun tafiyata ruwan kunu ake ɗura wa Mama da ƙyar. Sabon faifai ya iso, an sa, Mama ta ƙi buɗe baki, ƙofa kawai take kallo. Ya ce in rera ta waya. A nan tsakar gidan na tsaya, rana tsaka, na rera shidan, matan maƙwabta sun jeru a katanga suna cewa Legas ta taɓa Ladi. Da na gama ya ce ta yi ta waige-waige tana nemana a ɗakin, amma bakin a rufe.

"Madam ta ce ki dawo, ta turo kuɗin mota."

"Ba ta da baki ne? Ta kira ni da kanta ta ba ni haƙuri."

"Ladi, ki ji tsoron Allah, ba lokaci."

Na kashe waya. Kwana biyu ina zaune ina jiran a ba ni haƙuri, alhali na fi kowa sanin yadda leɓen nan yake bushewa. Rana ta uku Madam ta kira, ba Turancin hanci, "Ladi, abeg" kawai take ta maimaitawa. Ko wanka ban yi ba na ɗauki jaka sai tasha. Na samu kujera a bayan direba, ina ta gyara murya a hankali, ana jiran mota ta cika. Sai waya ta yi ƙara.

"Ladi, kina ina?"

"Ina cikin mota, Baba, saura mutum biyu mu tashi."

 Ya ce, "Ki sauko, Mama ta rasu."

Na sauko, na karɓi jakata, na tako gida da ƙafa. Faifan kam kuskure ne, Allah ya sani. Amma kwana biyun nan da gangan na zauna, kuma shekara shida ke nan na rasa wanda zan ɗora wa laifinsu.