Turken Nasara da Rijiyar Garin Shekara

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Sarkin Matameye, uban wannan taro. Wakilin Sarkin Kurni, maigidanmu na jiya. Wakilin Kwamanda da tafintansa. Liman da malamai. Masu gari, 'yan kasuwa, har da masu kallo daga kan katanga, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ni ne Takawa, Sarkin Noman Garin Shekara. Mun gode wa Kurni da ta riƙe mu tun kakanninmu, mun gode wa Matameye da ta karɓe mu yau ba tare da ta neme mu ba.

Magana ta farko, yadda muka zama naku. Tafinta, wannan ka juya ta a hankali. Bara wani nasara ya zo awon iyaka, ya kafa turken ƙarfe a gefen garinmu ta wajen Matameye, ya hau doki ya nufi Kurni. Bai ce mana komai ba. Mu kuwa a wurinmu, in baƙo ya manta kayansa, abin kunya ne a bar shi a daji. Dattawa suka ce, "Isufu, kai ne mai ƙafa, bi bawan Allah da ƙarfensa." Isufu ya tumɓuke, ya saɓa, ya yi ta gudu har numfashi ya ƙare, doki ya ɓace masa. Sai ya kafa shi a bakin hanya, can bayan gonakinmu, inda mai shi zai gani in ya dawo. Bana wani nasaran ya zo, ya duba turke, ya ce duk abin da ke wannan gefe na Matameye ne. Da gaskiyarmu muka yi ƙaura, ba mu ɗaga ko tukunya ba!

Magana ta biyu ita ce ta hana ni barci. Sarkin Kurni ne ya ba mu izinin haƙa rijiya. Malam Kadiri ya fara ta, Allah ya ɗauke shi kafin ya ga ruwa, ɗansa Rabi'u ya ɗauki dagi ya ci gaba. Ya kai ga danshi, jama'a, yashi mai sanyi a tafin hannu, sai dogari ya leƙa ya ce a tsaya, izinin Kurni ba ya aiki a ƙasar Matameye. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwan sama ya riga mu ɗaure ta da itace, za ta rufta. Uwar Rabi'u, Inna Mariyama, da tsufanta take tafiya har garin Icirnawa ɗebo ruwa. Ta ce mini, "Takawa, ba ni da sauran buri sai in sha daga ramin da mijina ya fara."

Ranka ya daɗe, ikon gini naka ne yanzu, ikon saran daji naka ne, ikon haƙa naka ne. Ba mu roƙi a mayar da mu ba. Ka ɗaga hannu kawai, mun fahimta.

Jama'a, kun gani? Ku shaida, ya ɗaga! Manu, hau jakinka, ka ce wa Rabi'u ya koma rami. Ka biya ta gidan Inna Mariyama, ka ce ta wanke tulunta.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya bar zumunci tsakanin Kurni da Matameye, ya jiƙan Malam Kadiri, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.