Kulob na Goma Sha Biyu

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta Crewe da ke Ingila, Dale Thwaite yana murza gwiwarsa sai wani dattijo ya zauna kusa da shi, ya ƙura wa jakar takalman ƙwallonsa ido.

"Samari, ɗan ƙwallo ne kai?"

"Haka dai ake cewa, Baba. Shekara goma sha shida, kulob goma sha ɗaya."

"To ni ban taɓa ganinka a talabijin ba."

"Inda muke bugawa, ko kare ya shigo fili sai a ƙirga shi cikin 'yan kallo."

Dattijon ya yi dariya. "Yanzu ina ka nufa?"

"Arewa. Wani kulob zai gwada ni. Na baya sun sallame ni, wai gwiwar ta tsufa."

"Iyali fa?"

"Matata ta rantse ba za ta sake ɗaure kaya ba. 'Yarmu ta canza makaranta sau biyar."

"Amma ta bar ka ka taho?"

Dale ya girgiza kai.

"Ta ɗauka neman aikin tuƙin motar kaya na fito. Ita ta goge mini rigar nan da safe."

"To in kulob ɗin ya ɗauke ka fa?"

"Abin da nake tsoro ke nan, Baba."