Masu Garkuwa

An ce min daɗin nasara ke sa maza wasan yaƙin nan na kan allo. Ban yarda ba. A tashar mota na ji wata mata tana tambayar wani tsoho da ke rungume da akwatin wasan:

"Baba, wace runduna kake ɗauka? Mahaya?"

"Masu garkuwa."

"Haba! Masu rarrafen nan gida ɗaya-ɗaya? Ɗauki mahaya mana, kafin shayi ya huce ka gama da mutum."

"Na sani, 'yata."

"To ka taɓa ci?"

"Ina fa! Sai dai suna daɗewa ba su mutu ba." Ya murza gwiwarsa. "Da ɗana nake yi. Ana gamawa yake cewa bari ya mai da ni tasha."