Abin da Likita Ya Faɗa da Turanci

A kan bencin ɗakin jira na asibiti, wani tsohon kafinta, dafe da haƙarƙarinsa, ya matso kusa da wani magidanci mai tabarau.

"Ɗana, kana jin Turanci? Mene ne 'sayid'?"

"Gefe ke nan, Baba."

"Gefen me?"

"Gefen komai. Gefen hanya, gefen gado. In ana rigima, ɓangaren da ka goya wa baya ma sayid ne. Har dangin uwa da na uba."

Tsohon ya ɗan ja baya, ya ƙare masa kallo. "Kalma ɗaya, baki barkatai? Ba a banza likitan nan ya juya harshe ba. Hausa muke yi da shi tiryan-tiryan, yana ganin hoton ƙirjina sai ya dubi nas ya ce 'oda sayid'."

"Ɗaya gefen ke nan. Wataƙila hoton ɗaya gefen ƙirjin za su ɗauka. Ko kuma ɗaya gefen ginin za a kai ka."

"Me ake yi a ɗaya gefen ginin?"

Mutumin ya cire tabarau, ya hau gogewa da bakin riga.

"Kai nake tambaya. Ka san wurin?"

"Na sani. Can aka kwantar da mahaifina."

"Ya fito?"

"Baba, wataƙila fa ƙirjin ne kawai."

Nas ta leƙo ta kira kafintan. Ya miƙe, ya ja ya tsaya a bakin ƙofa.

"'Yata, kafin in taka, faɗa min da Hausa. Wane gefen?"