Na'ura Ta Ƙi Yatsuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, Allah ya ƙara basira. Ni ce Hajara daga Tafoki.

An rufe mini layin waya, aka ce sai na dangwala yatsa kafin a buɗe. Na tafi Faskari da lallen bikin ɗiyar ƙanwata a hannu. Na ɗora babban yatsa kan gilashin nan mai koren haske, ya ƙi karɓa. Ma'aikacin ya ce, "Inna, lalle ya rufe zanen, ki bari ya goge."

Kafin ya goge kaka ta zo. Da na koma aka gwada yatsu goma, ya ce wannan karon ɓarar masara ta cinye zanen, sun yi sumul. Ya sa na shafa man kaɗe, duk a banza.

Malam, ta layin nan kaɗai ɗana Sani da ke Sabuwa yake jin muryata, kuma ka san halin hanyarmu. Yaya zan yi? In na daina aiki, me za mu ci?

Sani, in kana saurare, ka kwantar da hankalinka. Ina nan da raina, na'ura ce ba ta san ni ba.