Littafin Tsoro Ya Kore Mini Ɗalibai

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni sabon mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta firamare kusa da Bambeye, bana na gama karatu.

Ranar Laraba da ƙarfe goma na safe, lokacin hutu, na ƙare wani littafin Faransanci da na aro a Tahoua, labarin mutum mai sace inuwar jama'a. Ya ba ni tsoro, amma ƙarshensa bai gamsar da ni ba. Yara suka ga hoton bangon, suka tambaya, na ba su labarin da Hausa.

Washegari benci da yawa babu kowa. Na je wurin mai gari, ya ce, "Mushe, mai kama inuwa ai maye na. Mi kaka so da ɗiyanmu?"

Na ce ƙarya ce aka rubuta don nishaɗi. Ya ce, "To, ƙarya gwamnati ta aiko ka ka koya musu?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Saboda karatu kawai aka jingina mini maita, har mata na janye 'ya'yansu idan na wuce.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Har yanzu ban san wanda ya fara yaɗa maganar ba, ban san ko sufeto ya ji ba, ban kuma san ko yaran za su dawo ba.