Wayar Khairat

A tashar ƙananan bas ta Madinat Nasr, wani saurayi ya ji dattijo yana Hausa, suka gaisa.

"Baba, karatu ya kawo ka Masar?"

"Karatu, da furfurata! Shekara ashirin ina ba ɗalibai shawara a wata sakandare a Gusau. Duk wanda ya shigo ofishina, sai in ce masa ya zama likita ko malami, shi ke nan."

"Ai ka yi ƙoƙari."

"Ina fa! Wata Khairat sau uku ina ƙwace wayarta, ina cewa wannan abin ba ya ciyar da kowa."

"Yanzu tana ina?"

"Tana koyar da Larabci ta waya, har da ni a ɗalibanta. Jiya ta ce in ban gyara lafazina ba, ajin baya za ta mayar da ni."